Sa Wa Tsohon Gida Riga a Ƙasar Laima

A darasin kimiyya mun koyi cewa zafi yakan bar wuri mai ɗumi ya nufi wuri mai sanyi. A ƙasa irin Ingila, inda sanyi da yayyafi suke daɗewa, wannan magana ta shafi aljihun kowane magidanci. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗumin da gida yake asara, ta bango yake fita idan ba a kare bangon ba. Saboda haka sukan sa wa bango riga, wato su manna masa wani abu mai kama da auduga ko soso, wanda yake riƙe iska a cikinsa.

To, amma tsohon gida sai da lura. Yawancin gidajen Ingila da aka gina kafin 1920 bangonsu bulo ne zalla, babu rata a tsakiya. Wasu an yaɓe su da farar ƙasa da yashi. Irin wannan yaɓe yana shan ruwa, amma idan iska ta buga sai ya sake shi. Filastar siminti kuwa tana da tauri. Idan ta tsage, ruwa ya shiga, da wuya ya sami hanyar fita.

Akwai kuma laimar da take fitowa daga cikin gida: girki, wanka da numfashinmu. Mun san yadda kwalbar lemo mai sanyi take gumi a kan tebur. Idan aka sa rigar daga ciki, ɗumin ɗaki ba ya kai wa ga bango, sai bangon ya ƙara sanyi. Tururi yana taɓa shi sai ya zama raɓa. Daga nan sai funfuna, katako ya ruɓe, masu asma kuma su sha wahala.

Mutanen birnin Bankuba na Kanada sun ga illar ruwan da ya maƙale a bango. Gine-gine masu yawa da aka yi da katako aka yi musu filasta sun ruɓe daga ciki, har gwamnatin lardin ta kafa kwamitin bincike a 1998. Darasin da aka koya shi ne a bar 'yar rata a bayan filasta domin ruwa ya tsiyaye.

Ga tsarin da ya kamata a bi. Da farko a gyara rufi, indararo da duk wata tsaga, a bar bango ya bushe sarai. Na biyu, inda hali ya yi, a sa rigar daga waje domin bangon ya zauna da ɗuminsa. Na uku, a zaɓi kayan da tururi yake iya ratsawa, kamar audugar dutse ko allon zaren katako, a shafe da yaɓen farar ƙasa. Na huɗu, a tabbata iska tana shiga tana fita a kicin da banɗaki.

Mu ma a nan gida mun sha ganin katangar laka da aka shafa wa siminti ta kumbura da damina, filastar ta ɓantale. Kakanninmu da suke yaɓe da makuba sun san bango yana bukatar shan iska. Ɗalibanmu masu sha'awar aikin gini su riƙe wannan: a magance ruwa tukuna, sannan a tare sanyi.