Rini Mai Ƙyalli da Sankarar Fata

Sankarar fata da likitoci ke kira melanoma tana tasowa ne daga ƙwayoyin halittar da ke samar da melanin, wato sinadarin da ke ba fata launinta. Ta fi addabar Turawa, musamman mazauna Ostareliya. Amma fa ba ta ƙyale baƙar fata ba, sai dai a jikinsu takan ɓullo a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Irin wannan ce aka gano a babban yatsan ƙafar mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a 1977, ta kuma yi ajalinsa a 1981.

Shi baƙin tabon da ke bisa fata ido na ganinsa, wuƙar likita na iya cire shi. Hatsarin yana ga ƙwayoyin da suka riga suka bi magudanan ruwan jiki suka sauka a kaluluwar hammata ko ta matsematsi. A 1992 Dokta Donald Morton na Amurka ya bayyana wata dabara: a yi allurar shuɗin rini a gefen tabon, a bi sawunsa zuwa kaluluwar da ya fara isa, a ciro ta a duba. In an same ta lafiya, to, an hutar da majiyyaci babbar fiɗa. Illar shuɗin rini ita ce ba a ganinsa sai an tsaga fata.

A nan ne rini mai ƙyalli ya samu shiga. Shi wannan rini, idan aka haska shi da wani launin haske, sai ya shanye, ya maido da wani launi dabam. George Stokes ya bayyana wannan ɗabi'a tun 1852. Wanda aka fi amfani da shi a ɗakin fiɗa shi ne ICG, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1959. Hasken da yake maidowa ya ɗan zarce ja, ido ba ya ganinsa, sai kyamara ta musamman ta nuna shi a allo. Hikimar ita ce, jini da melanin suna shanye hasken da ido ke gani, kamar yadda baƙar riga ke shan rana, amma wannan yakan ratsa tsoka kimanin santimita guda. Saboda ƙarancin wannan zurfi, galibi akan haɗa shi da allurar sinadari mai tururin nukiliya.

Shi ICG bin magudana kawai yake yi, bai san mai cuta da marar cuta ba. Don haka masana suka ƙera rinin da ke zama a dushe har sai ya gamu da tirosines, sinadarin da ke haɗa melanin, wanda ya yi yawa a ƙwayoyin melanoma; da sun haɗu sai rinin ya kama ƙyalli. Yawancin irin waɗannan a jikin ɓeraye ake gwajinsu har yanzu.

Daɗin daɗawa, wani rinin idan ya sha haske yakan halaka ƙwayar da ya manne wa. Hisataka Kobayashi da abokan aikinsa sun bayyana irin wannan dabara a 2011, Japan kuma ta amince da ita a 2020 domin sankarar kai da wuya. Melanoma ta fi taurin kai, domin baƙinta na tare hasken, shi ya sa wannan hanya ba ta zama maganinta na yau da kullum ba tukuna.

Duk da wannan ci gaba, binciken da Alexander Breslow ya buga a 1970 yana nan daram: kaurin tabon ke nuna makomar majiyyaci. Wanda aka cire wa shi bai kai milimita guda ba, galibi yakan warke. Saboda haka baƙin tabo a tafin ƙafa da ke ƙara faɗi, ko yake zubar da jini, ya kamata a kai shi gaban likita tun bai nutsa ba.