Ɗalibi Zai Iya Fasa Hayar Ɗaki Kafin Shekara Ta Cika?

Ɗaliban Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, ba duka ne ke samun gado a hostel ba. Sauran sukan kama ɗaki a cikin gari, galibi su biya kuɗin shekara ɗungurungum. To, idan ɗalibi ya sauya makaranta ko rashin lafiya ta mayar da shi gida fa?

A fiƙihun Malikiyya haya alkawari ce mai ɗaure ɓangarori biyu, ɗaya ba ya warware ta shi kaɗai. Mafita ita ce iƙala, wato a fasa bisa yardar juna. Abin da ya fi sauƙaƙa wannan shi ne ɗalibin ya kawo wanda zai maye gurbinsa, da sanin mai gida, a mayar masa da kuɗin watannin da suka rage. Lallai a rubuta, a sa shaidu, domin yarjejeniyar baka ita ce ta fi jefa ɗalibai a asara.

Idan magana ta cije, sai a kai wa mai unguwa ko Hisba kafin a nufi kotu. Gadon hostel kuwa na jami'a ne. Ofishin kula da harkokin ɗalibai ake rubuta wa, ba a sayar wa wani a ɓoye.