Keke da Damana: Yadda Za Ka Sa wa Sarƙa Mai

 

Ruwa ya sauka, hatsi ya yi kai, hanyoyi kuma sun ɓaci. Daga watan Yuni zuwa Satumba, balle cikin markar Agusta, duk mai hawan keke a ƙasar Damagaram ya san wahala. Kwalta tana bisa manyan hanyoyi kaɗai. In ka sauka ka nufi ƙauyukan Mirya, Matamai, Kance ko Magarya, sai yashi mai jiƙe, sai laka a fadamun Ƙorama, sai tabki da ya tare hanya. Kekenka shi ke kai kayan garka kasuwar Dole ran Alhamis. Shi ke kai yaro gidan likita cikin dare. Ƙarfin keke kuwa yana ga sarƙa. In ta tsinke, keke ya zama kaya, kai ne za ka ja shi.

Ni ma ta taɓa tsinke mini. An aiko cewa tsutsa ta shiga gonakin wani ƙauye, na kama hanya da sarƙa busasshiya wadda ta kwana uku tana kuka ban kula ba. Da ƙafa na ƙarasa, rana ta faɗi kafin in ga gona ko ɗaya. Laifina ne.

Me ke kashe sarƙa?

Dubi sarƙarka da kyau. Tana da ƙusoshi kusan 100 ko fiye. Kowace ƙusa tana cikin ƴar zobe mai juyawa. Wurin da ƙarfe ke gugar ƙarfe yana can ciki, tsakanin ƙusa da zobe. Nan ne mai ke aiki. Man da ke bisa bayan sarƙa ba ya amfanin komai, yashi kawai yake kamawa.

Da damana ruwa yana wanke man da ke ciki, tsatsa ta shiga. Laka kuma tana kawo yashi. In yashi ya gamu da mai sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin ƙusa kullum. Sarƙa ta ƙara tsawo, ta daina zama daidai bisa haƙora, ta soma cinsu su ma.

Tsoffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix, wasunsu suna da murfin sarƙa mai tare laka. In naka yana da shi, kada ka cire. Amma keke mai giya da manyan taya, wanda aka fara yi a Amurka a shekarun 1970 don hawan duwatsu, sarƙarsa a buɗe take, siririya ce kuma. Ita ta fi son kulawa.

Wane mai ya dace?

Da damana ana son mai mai ɗan kauri, wanda ruwa ba ya saurin wankewa. Sabon man injin mota ko na babur ya isa. Ƙaramar kwalba tana kai ka ƙarshen damana. A shagunan birni akan samu man sarƙa na musamman iri biyu, na lokacin ruwa da na rani. In za ka saya yanzu, ka ce na ruwa kake so.

Man keken ɗinki ba shi da kauri. Yana da kyau da rani, amma ruwa ɗaya ke tafiya da shi.

Man gyaɗa na miya ne. Bisa sarƙa yana yin danƙo, ya daskare, ya kama datti.

Giris ya cika kauri. Ba ya shiga ciki, a waje yake tsayawa yana tara yashi.

Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da garin ƙarfe da datti, yana kuma cutar da fata. In babu wani sam, ka bar shi ya kwanta, ka tace da ƙyalle, ka yi maneji da shi kafin ran kasuwa. Kada ya zama na kullum.

Ga yadda ake yi

Ka tanadi ruwa, tsumma biyu, tsohon buroshin haƙori, kananzir kaɗan cikin gwangwanin tumatir, da mai.

1. Da ka dawo gida ka wanke laka tun tana ɗanya. In ta bushe ta fi wuyar fita. Ka sa tsinke ka fidda wadda ta maƙale tsakanin haƙoran baya, da ƙananan ƙafafu biyu na abin canja giya.

2. Ka tsoma buroshi cikin kananzir ka goge sarƙa gaɓa-gaɓa. Kada ka yi da fetur, yana kama wuta nan take. Ka nisanci murhu da fitila.

3. Ka goge da tsumma, ka bar keke a rana har sarƙa ta bushe sarai. In ka zuba mai bisa ruwa, ruwan yana nan a ciki yana aikinsa.

4. Ka ɗiga mai ɗigo ɗaya bisa kowace zobe, ta gefen ciki, wato gefen da ke taɓa haƙora. Gashin kaza ko tsinke ya isa ɗigawa. Ka sa alama inda ka fara don kada ka tsallake wata.

5. Ka juya feda kamar sau 20 don mai ya ratsa. In keke mai giya ne, ka bi da sarƙa ta kowace giya. Ka bar shi ya ɗan jima. In ya kwana ya fi.

6. Ka kama sarƙa da tsumma mai tsabta, ka juya feda, ka goge duk man da ke waje. Nan mutane da yawa ke kuskure, suna ganin sarƙa mai naso ita ce mai lafiya. Mai lafiya ita ce wadda in ka taɓa, yatsanka ya ɗan yi maiƙo kawai.

Ka kula ƙwarai kada mai ya taɓa inda birki ke kamawa. Birki mai maiƙo ba ya tsaida keke a gangara. Kananzir ɗin da ka yi wanki da shi kuma kada ka zubar kusa da rijiya ko cikin garka. Ka rufe shi, datti zai kwanta, ka sake aiki da na sama.

Sau nawa?

Duk ran da ka ratsa tabki ko ruwa ya doke ka, ka goge, ka busar, ka sa mai a ranar. In ba haka ba, sau ɗaya a mako ya isa da damana. In ka ji sarƙa tana kuka, mai take roƙo. Bayan damana, in iskar hunturu ta taso da ƙura, ka wanke mai kaurin nan ka koma ga mara kauri.

Yaushe za a sake sarƙa?

Ka ari abin awo na ɗan makaranta. Ka danna feda don sarƙa ta miƙe. Ka auna daga tsakiyar ƙusa ta 1 zuwa tsakiyar ƙusa ta 21. Sabuwar sarƙa tana ba da santimeta 25 da milimeta 4. In taka ta kai santimeta 25 da milimeta 6, lokacin saye ya yi. In ka jinkirta za ta cinye haƙoran gaba da na baya, ka biya kuɗin abu uku maimakon ɗaya. In babu abin awo, ka ja sarƙa da yatsa a gaban babban faranti mai haƙora. In ta ɗaga har ka ga haske a ƙarƙashinta, ta gaji.

Keken da ba shi da giya kuma, ka duba ɗaurin sarƙarsa. In ka danna ta a tsakiya ta motsa kamar santimeta 1, daidai ne. In ta yi sako-sako za ta riƙa faɗuwa cikin laka. In ta ɗaure tamau za ta ci kanta. Mai gyaran keke zai daidaita maka ita ran kasuwa.

Ka karanta wa maƙwabcinka wannan takarda, ku gwada tare bisa keke ɗaya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kai mu kaka lafiya.