’Yan Sikawut da Karatun Tsirrai a Aikace

Ƙungiyar sikawut ta samo asali ne daga zangon da Baden-Powell ya kafa wa yara a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, ta kuma iso Nijeriya a 1915. Tun fil azal tsarinta shi ne yaro ya koya da hannunsa. Wannan maƙala za ta duba yadda ake amfani da tsarin wajen koyar da tsirrai, da ribar da ɗalibin harshe zai ci a ciki.

Mu ɗauki yaron da ya tashi a Jabi. Da Hausa yake ciniki a tasha, da ita yake wasa, amma duk wani itace a wurinsa “bishiya” ne kawai. Alhali kuwa wuraren koyo na kusa da shi. Ga bakin tafkin Jabi, ga lambun Sarius Palmetum a Maitama, inda aka tara ire-iren dangin dabino da kwakwa, ga kuma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Idu, wadda ke da ɗakin adana busassun tsirrai.

Aikin farko idan tawaga ta shiga lambu shi ne gane itace ba tare da duba allon suna ba. Akan ɗaure wa yaro ido, ya shafa ɓawo, ya murza ganye ya shinshina, sannan a kwance shi ya nemo itacen. Wanda ya taɓa murza ganyen darbejiya ba zai sake mance shi ba. Sai dai jagora ya fara nuna musu abin da ba a wasa da shi: ƙaron tumfafiya na cutar da ido, ’ya’yan bi-ni-da-zugu kuwa guba ne.

Sai busar da ganye. Da izinin masu lambu, akan yanko ƙaramin reshe mai ganye da fure, a shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako da dutse. Ana sauya jaridar kullum a kwanakin farko don kada ya yi fumfuna. Bayan mako ɗaya ko biyu sai a manna shi a takarda mai kauri, a rubuta wuri da rana da suna. Haka masana ke yi a ɗakunan adana tsirrai. Akwai kuma auna tsawon itace da inuwa: idan sanda mai mita 1 ta yi inuwar mita 2, to itacen da inuwarsa ta kai mita 20 tsawonsa mita 10 ne.

Wurin rubuta sunan nan ne aikinmu yake. Allunan lambu galibi sunan Latin suke ɗauke da shi. Yaro zai karanta Parkia biglobosa, sunan da aka raɗa don tunawa da Mungo Park, ya wuce abinsa. Amma a ce masa ɗorawa ce, a ba shi ’ya’yanta ya ɓare: garin rawaya na sha ne, ƙwayar ita ce kalwa, daga kalwa ake daddawa, daga ɓawon kuma ake makuba ta yaɓen katanga da daɓe. Itace ɗaya ya ba shi kalmomi huɗu. Giginya ma haka, ga muruci ga azara. Wasu sunayen ma su kansu bayani ne. A tsinka nonon-kurciya a gaban yaro, farin ruwan da zai fito ya isa fassara.

Ga mu da muka koyi Hausa a aji, wannan ya fi haddar jerin kalmomi nesa ba kusa ba. Har karin harshe ake tsinta, domin itacen da wani ya kira darbejiya, wani dogon-yaro ya sani, wani kuma bedi. Tun 1916 J. M. Dalziel, wani likita ɗan Birtaniya, ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary, kuma har yau ana komawa gare shi. A ganina duk tawagar da za ta lambu ta tafi da ɗalibin Hausa guda da littafin rubutu, a bar gurbi uku a ƙasan kowane ganye: na Latin, na Hausa, da na Gbagyi, harshen ’yan asalin Jabi. Na ukun sai yaran sun je sun tambayi tsofaffi.