Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa da ƙwan kaza, irin wanda ake sayarwa a Kwanar Ɗangora, wata mata ta fara binciken da ya kai ta ga lambar yabo ta Nobel?

Sunanta Rita Levi-Montalcini, haifaffiyar Turin ta ƙasar Italiya a 1909. Mahaifinta bai so ta yi karatu mai zurfi ba, sai da ta dage kafin ya bari ta karanci likitanci. A 1938 gwamnatin Mussolini ta hana Yahudawa aikin jami'a. Da yake Rita Bayahudiya ce, sai ta mayar da ɗakin kwananta wurin bincike, tana fasa ƙwai tana duba yadda jijiyoyi ke tsirowa a jikin ɗan tsako tun bai ƙyanƙyashe ba.

Daga baya a Amurka ta gano sinadarin da ke sa jijiyoyi girma, aka ba ta Nobel a 1986 tare da abokin aikinta Stanley Cohen.

Abin da ya fi shafarmu: gidauniyar da ta kafa da abokiyar tagwaicinta Paola a 1992 ta riƙa ɗaukar nauyin karatun 'yan matan Afirka. Rita ta rasu a 2012, tana da shekara 103.