Gidan Babban Gwani da Sana'ar Gini

Mu mutanen Mairuwa, ko da ya ke ƙasar Katsina mu ke, in ana maganar gini Zariya mu kan duba, gama nan gidan Babban Gwani ya ke. Sunansa Muhammadu Durugu. Shi ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

To, mene ne gwanintar tasa? Kowa ya san azara, watau itacen giginya da a ke tsagawa. Gara ba ta cinta, amma in aka gitta ta bisa fili wanda ya ɗara ƙafa 6, aka ɗora mata ƙasa, sai ta lanƙwashe. Saboda haka ɗakunan da su kan fito ƙuntatattu. Dabarar magina ita ce su kafa azara cikin bango, su ɗaura wata bisanta ta ɗan zarce ta, wata kuma bisa wannan, har na dama da na hagu su gamu a sama, sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa. Shi ne bakan gizo. In bakuna suka gitta juna sai a ɗora tulluwa a kansu. Ba Durugu ya ƙago wannan ba, amma shi ya kai shi inda ba wanda ya taɓa kaiwa, har jama'a mai yawa ta yi sahu ƙarƙashin rufin ƙasa.

Magini ba ya zama wuri guda, inda sarki ya kira shi can ya ke tafiya da 'ya'yansa da barorinsa. An ce a Birnin Gwari, maƙwabtan Sabuwa, ya ƙare, wai sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani irin abin da ya gina masa. Sana'ar kuwa ba ta bi shi kabari ba, zuriyarsa suka gaje ta. Yaro ya kan fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, sai ya yi shekaru kafin a bar shi ya ɗaura azara. Ba littafi, ba takardar awo.

Nan ne abin tsoron ya ke, don ilmin da ke hannu kaɗai, in aka tsallake ɗa guda ya ɓace. Da siminti da kwano suka zo, masu kuɗi suka daina kiran maginan ƙasa. Masallacin kansa, bayan 1970 aka kewaye abin da ya rage nasa da sabon gini na siminti. Wani Bature mutumin Folan, Dmochowski, ya riga ya auna shi ya zana, da awonsa kuwa aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos.