Maigadin makarantar ɗanki ya san abin yi idan ta ɓaci?

Kullum da safe muna miƙa 'ya'yanmu ga maigadi a bakin ƙofar makaranta, mu juya gida. Sau da yawa dattijo ne mai sanda da tocila, wanda ba a koya masa komai ba sai buɗe ƙofa da rufe ta.

Iyaye mata a Kebbi ba su manta da ranar 17 ga Yunin 2021 ba, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Kuma ba makaranta kaɗai ke tara jama'a ba. A Kalgo akwai Jami'ar Tarayya da babban asibiti, a Gwandu kuwa masu ziyara ba sa yankewa a hubbaren Shehu Abdullahi bin Fodiyo. Duk inda jama'a ke cincirindo, mai tsaron ƙofa ne ido na farko.

Horon da yake buƙata ba na riƙe bindiga ba ne. Ana koya masa ya lura da baƙon da ke yawan leƙe yana tambayar lokacin tashi, kada ya taɓa jakar da aka yasar, ya riƙe lambar 'yan sanda da 112, ya kuma san hanyar fitar da yara ba tare da turmutsitsi ba.

Hukumar Sibil Difens ce ke sa ido kan kamfanonin masu gadi, don haka makaranta na da inda za ta nemi shawara. Uwa, a taron iyaye da malamai na gaba, ki tambaya: wa ya horar da maigadinmu, kuma yaushe aka gwada fitar da yara?